Iyakar Jibia: Yadda za a zaɓi riga mai ƙyalli da safar hannu ga masu aiki a bakin titi

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san yadda Magamar Jibia take idan rana ta yi gora. Tireloli sun yi layi a gefen kwalta suna jiran takarda, 'yan dako na hawa suna sauka, yaran mota na ɗaure tanfol, makanike na kwance a ƙarƙashin mota, masu babur kuma na ratsawa ta tsakani. Daga nan zuwa Ɗan Isa, gari na farko a ɓangaren Jamhuriyar Nijar, ɗan taƙi ne, amma ɗaruruwan mutane ne ke samun abincinsu a wannan ɗan tsakanin.

Akasarinsu a ƙafa suke aiki, kusa da tayoyin da suka kai su kafaɗa, sau da yawa cikin hazo ko bayan magariba. Abu biyu ne suka fi kasancewa cikin haɗari: rayuwar mutum idan direba bai gan shi ba, da hannuwansa waɗanda su ne jarinsa. Falmaran mai ƙyalli da safar hannu ba su da tsada idan aka kwatanta da kuɗin asibiti, sai dai ba kowacce aka gani a kasuwa ce ke yin aikin ba.

Iyakar da ake rufewa ana buɗewa

Jibia ta sha fama da rufe iyaka. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019, kuma ba a sake buɗe ta Jibia ba sai a watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame ta, har sai da Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗewa a watan Maris na 2024.

Duk lokacin da aka buɗe, manyan motoci kan dawo da siminti da kayan gini da kayan masarufi, daga can kuma a shigo da dabbobi da wake da aya. Ga kuma aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke gudanarwa, kuma ta Jibia zai ratsa kafin ya tsallaka. Ma'ana, yawan mutanen da ke aiki a fili kusa da manyan motoci da injuna zai ƙaru ne a shekaru masu zuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Ɗan dakon da ke tsallaka titi da buhu a kai yana cikin wannan rukuni, ko da yake shi a bakin aikinsa yake.

Falmaran ta zama shaidar muƙami

A tashoshin mota da shingayen hanya na arewacin Najeriya, an fi sanin falmaran mai ƙyalli a jikin masu iko: jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, 'yan KASSAROTA a Katsina, 'yan ƙungiyar direbobi, masu yankar tikiti. Da yawa ana buga sunan ƙungiya a bayanta da manyan haruffa, sai ta zama kamar katin shaida. Wanda ya sa ta, ana ɗauka yana da hurumin tsayar da mota.

Wannan ya sa waɗanda suka fi kusa da haɗarin ba su cika sa ta ba. Yaron mota da ke ba direba hannu ya yi baya, mai faci da ke durƙushe a gindin taya, da makaniken da ke gyara a kan hanya cikin dare, galibi da tsofaffin kaya masu duhu suke aiki saboda baƙin mai da datti. Kaya masu duhu kuwa su ne suka fi ɓacewa a idon direba.

Lissafin mai sauƙi ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya nuna ƙaramar mota mai wannan gudu tana buƙatar kimanin mita 53 kafin ta tsaya cak a busasshen titi. Tirela mai ɗauke da kaya ta fi haka nesa ba kusa ba. Idan direba bai hango mutum ba sai da ya rage mita 30, ko ya take birki iya ƙarfinsa aikin gama ya gama.

Launi na rana ne, ziri na dare

Rigar ƙwarai tana da sassa biyu, kowanne da lokacinsa.

Na farko shi ne yadin mai launi mai ɗaukar ido, ruwan ɗorawa mai sirkin kore ko ruwan lemo. An rina shi da wani sinadari da ke karɓar ɓangaren hasken rana wanda ido ba ya gani, ya mayar da shi launi mai ƙarfi. Shi ya sa yake fitowa sosai da rana, da asuba bayan gari ya fara wayewa, da kuma kafin magariba. Wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Bob da Joe Switzer, su ne suka fara haɗa irin wannan fenti a shekarun 1930. Amma idan dare ya yi, babu hasken rana, launin ba ya wani tasiri.

Na biyu shi ne zirin nan mai ruwan toka da ake ɗinkawa a jikin rigar. An lulluɓe shi da ƙananan ƙwayoyin gilashi, ko wasu 'yan kusurwoyi na roba, waɗanda ke mayar da haske daidai inda ya fito. Idan fitilar mota ta haska shi, hasken na komawa wajen direba. Shi ne ke ceton rai da dare. Shi ma yana da iyaka: idan babu fitilar da ta haska shi, ba ya haskawa da kansa. Babur mara fitila ko motar da ke baya-baya babu wuta ba za su amfana da shi ba.

Saboda haka rigar da ke da launi babu ziri ta rana ce kawai. Wadda zirinta ya goge kuwa, da ita da babu duk ɗaya ne bayan isha'i.

Game da zaɓin launi, abin dubawa shi ne abin da ke bayan ma'aikacin. Da rani da hunturu, lokacin da ƙasar Jibia ta bushe ta yi ja-ja-ja ga ƙura, ruwan ɗorawa mai sirkin kore ya fi bambanta da wurin. Da damina, idan gero da dawa sun tashi a gefen hanya komai ya yi kore, ruwan lemo ya fi fita. Ma'aikatan layin dogo a Birtaniya, waɗanda suka fara gwada irin waɗannan riguna a yankin Glasgow a 1964, ruwan lemo suke sawa har yau.

Lambar da ya kamata a duba

Akwai ma'auni na duniya da ake kira EN ISO 20471, wanda ya fara aiki a 2013. Kayan Amurka kuma suna zuwa da ANSI/ISEA 107. Rigar da ta cika ma'aunin tana da ɗan ƙyallen bayani a ciki, da hoton falmaran da lamba 1 ko 2 ko 3 a gefensa.

Aji na 1 shi ne mafi ƙaranci, ya dace da cikin gareji ko harabar sito inda motoci ke tafiya a hankali. Aji na 2 shi ne cikakkiyar falmaran, wadda dole ta ƙunshi aƙalla rabin murabba'in mita na yadi mai launi da murabba'in mita 0.13 na ziri. Wannan ce ta dace da mafi yawan masu aiki a tasha da bakin iyaka. Aji na 3 yana buƙatar murabba'in mita 0.80 na yadi da 0.20 na ziri, kuma sai an haɗa da hannuwa masu ziri ko dogon wando mai ziri. Shi ya dace da wanda ke tsayawa a kan babban titi da dare, kamar masu gyaran hanya da masu janye motar da ta lalace.

Faɗin zirin kada ya gaza santimita 5, wato kimanin yatsu uku. Ya kamata ya zagaye jiki gaba da baya, domin mota ba ta gaba kaɗai take zuwa ba.

Zirin da ke hawa kan kafaɗu yana da muhimmanci ga 'yan dako da masu faci. Mutumin da ya sunkuya, zirin ƙugunsa na ɓoyewa, na kafaɗa ne kawai ke fuskantar mota. Wanda ya ɗora buhu a baya kuma ya rufe rabin rigarsa. Ga irin wannan, ƙarin ziri a idon sawu da wuyan hannu ya fi komai amfani. Binciken da Farfesa Joanne Wood ta Jami'ar Fasaha ta Queensland a Ostareliya da abokan aikinta suka yi ya nuna direbobi sun fi saurin gane cewa mutum ne a gabansu idan ƙyallin yana kan gaɓoɓin da ke motsi, domin ƙwaƙwalwa ta san tafiyar ɗan'adam tun daga nesa.

Gwaji da wayar hannu

Lamba a jikin riga ba hujja ba ce, tunda kowa na iya bugawa. Amma akwai gwajin da kowane mai waya zai iya yi kafin ya biya kuɗi.

A rataye rigar a wuri mai duhu, a ja baya kamar taku 20 zuwa 30. A kunna tocilar waya a riƙe ta dab da ido, a haska. Zirin ƙwarai zai yi fari fat kamar an kunna masa wuta. Na jabu zai tsaya a ruwan tokarsa, ko ya ɗan yi sheƙi kamar leda. Ɗaukar hoto da filashi ma yana nuna bambancin nan take. Dole ne tocilar ta kasance kusa da ido, domin hasken inda ya fito yake komawa.

Sannan a murza zirin da babban yatsa. Idan yana barin gari mai walƙiya a hannu ko yana tsagewa, wanki biyu ba zai kai ba. A duba ɗinkin, a duba abin ɗaurewa na gaba, domin falmaran da ke buɗe tana lilo ta rasa rabin amfaninta, kuma tana iya maƙalewa a jikin ƙugiya ko ƙarfen bodin mota.

Ƙungiyar da za ta buga sunanta ta kiyaye kada rubutun ya hau kan zirin, kada kuma ya cinye yadin mai launi.

Zafin bazara da ƙurar hunturu

Daga Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki kan haura digiri 40. Duk rigar da ta hana iska shiga, ma'aikaci zai cire ta ya rataye a madubin mota kafin azahar. Don haka a nemi falmaran mai raga-raga, mara nauyi, wadda ta ɗan fi jiki girma. Jaket mai kauri da aka ɗinka don sanyin Turai, irin wadda ake samu a gwanjo, sai dai a ajiye wa daren hunturu.

Da hunturu matsalar ta juya. Mutum ya sa falmaran sannan ya ɗora rigar sanyi ko ya yafa bargo a kai. Ƙa'idar ita ce mai ƙyallin ta kasance a sama da komai. Da damina ma haka ne: rigar ruwa baƙa a kan falmaran ta kashe ta, gara a sayi rigar ruwan da ita kanta tana da launi da ziri.

Ƙura da baƙin mai suna toshe ƙwayoyin gilashin, rana kuma tana koɗar da launin. A riƙa wankewa da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a juya ta ciki-waje, kada a sa bilic, kada a dirza zirin da buroshi ko a buga a kan dutse, kada a goge da dutsen guga. A shanya a inuwa. Ƙyallen bayanin yakan nuna iyakar wankin da rigar za ta jure, sau da yawa 25 ko 50. Idan launin ya koma kamar na tsohuwar atamfa, lokacin canji ya yi.

Akwai gargaɗi na musamman ga masu aiki da wuta ko fetur. Yawancin waɗannan riguna na roba ne, suna narkewa su manne a fata idan wuta ta taɓa su. Mai walda da mai aiki a gindin tanka su nemi wadda aka rubuta cewa ba ta kama wuta da sauƙi, mai lambar EN ISO 14116 ko EN ISO 11612, da EN 1149-5 wadda ke nuna ba ta tara lantarkin da ke haifar da tartsatsi.

Safar hannu: kowane aiki da tasa

Da yawa daga cikin 'yan dako na alfahari da kantar hannunsu. Kanta na rage raɗaɗin igiya, amma ba ta tare bakin kwanon rufi, ko ƙusa mai tsatsa, ko wayar da ta tsinke a jikin taya. Yanka ɗaya a tafin hannu na iya zaunar da mutum mako biyu, kuma mai aikin dako ranar da bai fita ba babu cefane. Rauni mai zurfi da ƙasa ta shiga yana iya jawo tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki, shi ya sa ake son a wanke shi nan take a je asibiti.

Safar aiki ta ƙwarai tana da alama mai kama da garkuwa da guduma a ciki, da lambar EN 388, sai jerin lambobi a ƙasa, misali 4X43C. Lamba ta farko juriyar gogayya ce, daga 0 zuwa 4. Ta biyu juriyar yanka a tsohon gwaji, daga 0 zuwa 5, idan an sa X ba a yi wannan gwajin ba ke nan. Ta uku juriyar yagewa, ta huɗu juriyar hudawa, kowacce zuwa 4. Harafin ƙarshe, daga A zuwa F, shi ne juriyar yanka a sabon gwajin da aka ƙara a 2016, kuma F ce mafi ƙarfi. Idan an ƙara P, akwai kariya a bayan yatsu daga bugu.

Mai lodin buhunan hatsi da ɗaurin igiya yana buƙatar safa mai saƙa wadda aka shafe tafinta da roba, mai lambar farko 3 ko 4. Bayanta a buɗe yake, gumi na fita, tafin kuma yana riƙe buhu.

Mai ɗaukar kwano da rodi da gilashi ya duba harafin ƙarshe, ya nemi C zuwa sama.

Mai aikin siminti ya sani cewa jiƙaƙƙen siminti yana cin fata sannu a hankali, sau da yawa ba a jin zafin sai bayan awanni. Safar yadi da ta jiƙe da shi ta fi hannu tsirara illa, domin tana riƙe shi a jikin fata. A nemi wadda ruwa ba ya ratsawa, mai dogon wuya.

Makanike da mai zuba fetur ko gas su nemi wadda aka yi da robar naitiril. Robar latas, irin ta siraran safar asibiti da yawa, tana laushi ta lalace idan mai ya taɓa ta. Mai hulɗa da maganin feshi da ruwan batir ya duba lambar EN ISO 374.

Mai walda da mai jan igiyar shanu, safar fata ce tasu. A nan arewa na da abin da ake buƙata a gida, tunda Kano da Sakkwato sun yi suna wajen jima tun ƙarnoni da suka wuce, kuma dukawa na iya ɗinka ta daidai hannun mutum. Sai dai fata tana shan mai da ruwa, ba ta dace da sinadarai ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kare mutum daga lantarki. Safar masu aikin wuta daban take, tana da nata ma'aunin.

Girma ma abin kula ne. Galibi ana sa lamba daga 6 zuwa 11. Wadda ta yi yawa tana sa kaya suɓucewa, wadda ta matse tana gajiyar da yatsu. A sa ta a gwada ɗaukar noti ko ɗaure igiya kafin a saya.

Akwai kuma inda safa ke zama haɗari. Kusa da duk abin da ke juyawa, kamar bel ɗin inji, fankar mota, injin niƙa ko na huda ƙarfe, a cire ta. Idan inji ya kama bakin safa, da hannun zai tafi.

Wa zai biya?

Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1994. Yarjejeniyar ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata alhakin samar da kayan kariya inda ake buƙata, ta kuma ce kada matakan kare lafiya su jawo wa ma'aikaci kashe kuɗi. Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi tanadin tufafin kariya ga masu aiki da abubuwa masu cutarwa, sannan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba asusun NSITF aikin biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Wannan ya shafi ma'aikacin hukuma da na kamfani. Ɗan dako da yaron mota kuwa galibi ba su da takardar ɗaukar aiki, kuɗinsu a kan buhu ko a kan tafiya ake lissafawa. A nan ƙungiyoyi ne za su iya cike giɓin. NURTW da NARTO da ƙungiyoyin 'yan dako suna karɓar kuɗin ƙungiya a kai a kai, kuma sayen dozin-dozin a kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano ya fi sauƙi a kan kowa ya sayi ɗai-ɗai. Mai mota ma zai iya ajiye falmaran biyu a gaban mota, ɗaya ta direba ɗaya ta yaro. A Faransa tun 2008 doka ta wajabta wa kowane direba ajiye irinta a mota, ya sa kafin ya fito idan ta lalace a hanya.

Abin da riga ba za ta yi ba

Riga mai ƙyalli ba sulke ba ce. Tirela na da wuraren da direba ba ya gani ko da rana tsaka: dab da gaba, bayanta, da gefen da ke nesa da shi. Idan ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganin ka. Mai ba da hannu ya tsaya a gefen direba, kada ya tsaya a bayan motar. Makanike kada ya shiga ƙarƙashi sai an sa waji a taya kuma makulli na aljihunsa. Idan mota ta mutu a hanya, ganyen da ake zubawa ba ya ƙyalli da dare, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku da nisa sosai.

Sai batun tsaro, wanda mutanen Jibia sun fi kowa saninsa. Yankin ya daɗe yana fama da 'yan bindiga, kuma abin da ke sa direba ya hango ka daga nesa yana sa wani ma ya hango ka. Rigar ta wurin aiki ce, inda motoci ke kai-komo. Idan an tashi, a naɗe ta a jefa a jaka kafin a kama hanyar ƙauye. Ƙungiyoyi su riƙa sa lamba a kowace riga suna rubuta wanda aka ba wa, su karɓi tsohuwa kafin su ba da sabuwa, don kada ta faɗa hannun mai kafa shingen ƙarya.

Ga wanda zai shiga kasuwa wannan makon, ya tafi da wayarsa da caji. Ya tambayi kansa ƙarfe nawa yake tashi daga aiki, me hannunsa ya fi taɓawa, kuma zai iya jure wannan rigar a jikinsa da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu. Amsoshin ne za su nuna masa abin da zai ɗauka.